Kififiyar Kadawa da Baƙon Kunkuru Mai Jan Kunne

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da zarar ya wuce Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. A daidai lokacin da sauran gonakin ƙasar Hausa suka bushe ƙayau, ba komai sai kututturen dawa da ƙura, nan ga shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir kore shar, iyakar ganin ido. Wannan shi ne yankin noman rani na Kadawa, wanda ya haɗa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Idan ana maganar arzikinsa, abin da akan ƙirga shi ne buhunan shinkafa da kwandunan tumatir da ake lodawa a Kwanar Gafan. Ba kasafai ake tunawa da cewa ruwan da ke shayar da gonakin nan gida ne ga waɗansu halittu ba, kuma daga cikin waɗanda aka fi mantawa da su akwai kififiya da ɗan'uwanta kunkurun ruwa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, waɗannan halittu suna da haƙƙin zama a Kadawa, kuma zamansu riba ne ga manomi da masunci. Abubuwa biyu ne za su iya raba su da wurin. Na farko, yadda ake sarrafa ruwa da ƙasa da magungunan feshi. Na biyu, wani baƙon kunkuru ɗan asalin Amurka wanda ya riga ya yi ɓarna a ƙasashe da dama, kuma ruwa irin na Kadawa shi ne ainihin abin da yake so. Na farkon yana buƙatar gyara, na biyun kuwa rigakafi.

Yadda Ruwa Ya Zo Kadawa

Kafin shekarun 1970, rayuwar ruwa a wannan yanki tana bin damina ne. Kogin Kano yakan cika ya tumbatsa tsakanin Yuli da Satumba, ya malala cikin fadamu, sannan ya janye ya bar tafkuna da kududdufai, su ma su ƙafe kafin bazara. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, wadda aka tsara ta ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga ruwan yakan bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar hanyar ruwa, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har ya isa bakin gona. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ita ma tana da tashar binciken noman rani a Kadawa.

Injiniyoyin da suka zana wannan aiki abinci suka nufa, amma ba tare da sun yi niyya ba sai suka ƙirƙiro sabon muhalli. Akwai hanyoyin ruwa masu gudu, akwai tafkunan da ake tara ruwa da dare don a yi ban ruwa da rana, akwai magudanan da ke kwashe rarar ruwa daga gonaki, ga kuma ramukan da aka haƙi ƙasa aka bari suka zama kududdufai. Wurin da a da yake samun ruwa wata huɗu ko biyar a shekara, yanzu yana da shi kusan kullum. A can ƙasa kuwa, a dausayin Haɗeja da Nguru, madatsar Tiga da ta Challawa, wadda aka gama a 1992, sun rage ambaliyar da ke raya fadamu, ciyawar kacalla kuma ta samu damar toshe hanyoyin ruwa. Ke nan an rage wa halittun ruwa gida a wani wuri, an buɗe musu wani a nan. Wannan ya ƙara wa Kadawa nauyi a matsayin mafaka.

Su Wane Ne 'Yan Gida?

Bahaushe ya daɗe da rarrabe kunkurun tudu da na ruwa, ya kuma ba mai laushin baya sunansa na daban, wato kififiya. Masana ilmin dabbobi sun tabbatar da wannan rabo, har suka ƙara faɗaɗa shi. A koguna da tafkunan yankin ciyayi na Afirka ta Yamma, inda Kogin Kano yake, iri uku ne suka fi shahara.

Na farko shi ne kunkurun kududdufi, wanda masana ke kira Pelomedusa. Tsawon ƙoƙonsa yakan kai kimanin sentimita 20, launinsa kuma kamar na laka. Ba ya jan kansa ciki kai tsaye kamar kunkurun tudu. Lanƙwasa wuyansa yake yi gefe guda ya ɓoye kan a ƙarƙashin leɓen ƙoƙo. Idan aka kama shi yakan saki wani ruwa mai ɗoyi don ya kori maƙiyi. Babbar baiwarsa ita ce jure fari. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ya nutse cikin taɓo ko ƙasa mai danshi, ya rage numfashi da bugun zuciya, ya kwanta watanni yana jiran ruwa, kamar dai yadda gaiwa ke yi. Shi ya sa da ruwan farko akan gan shi yana ratsa hanya, har yara su zaci daga sama ya faɗo. An daɗe ana ɗaukar duk na Afirka iri ɗaya ne, sai a 2014 binciken ƙwayoyin gado ya nuna iri goma ne ko fiye.

Na biyu shi ne Pelusios, wanda ke da wata gaɓa a ƙoƙon ƙirjinsa, mai kama da ƙyauren ƙofa. Idan ya ji tsoro sai ya ja kai da hannuwa, ya ɗaga ƙyauren ya rufe. Shi ya fi son ruwan da ba ya saurin ƙafewa.

Na uku ita ce kififiya, Cyclanorbis senegalensis. Bayanta faifai ne mai laushi, fata ce ta lulluɓe shi, ba ɓawo mai tauri ba. Tana da dogon wuya da hanci kamar bututu, wanda take leƙo da shi ta sha iska alhali sauran jikinta yana binne cikin yashi. A ƙarƙashinta akwai wasu fatu biyu da take rufe ƙafafun baya da su. Tana da babbar 'yar'uwa a manyan koguna, Trionyx triunguis, wadda tsawonta kan kusanci mita guda.

Abu ɗaya da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, duk waɗannan halittu da huhu suke numfashi, ba irin na kifi ba. Dole su leƙo su sha iska, dole su fito su sha hantsi domin jikinsu ba ya samar da ɗuminsa da kansa, dole kuma macen ta hau tudu ta haƙa rami ta yi ƙwai. Saboda haka gidan kunkurun ruwa kashi uku ne: ruwan da zai ci abinci, dutse ko kututturen da zai sha rana, da gaɓa mai taushi da zai binne ƙwai. In aka cire ɗaya, sauran biyun ba za su riƙe shi ba.

Wane Aiki Suke Yi?

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne ruwan manomin tumatir da kififiya? Amsar tana cikin abincinta. Kunkurun ruwa da kififiya suna cin ƙwarin ruwa da tsutsotsi da 'ya'yan kwaɗi da matsattsaku da katantanwa, suna kuma cin mushe. Mataccen kifi ko ɓera ko kaza da aka jefa a magudana, kafin ya ruɓe ya ɓata ruwa, su ne ke cinye shi. Abin da ungulu ke yi a tudu, shi suke yi a ruwa.

Maganar katantanwa tana da muhimmanci na musamman a wurin noman rani. Cutar tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini, tana yaɗuwa ne ta hanyar ƙananan katantanwar ruwa irin su Bulinus. Tsutsar cutar takan girma a jikin katantanwa, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. An san cewa madatsun ruwa da hanyoyin ban ruwa a Afirka sukan ƙara yawan wannan cuta, domin ruwa mai kwanciya da ciyayi shi ne gidan katantanwa. Kififiya ita kaɗai ba za ta kawar da tsargiya ba. Wannan aikin magani ne da tsafta da hana bahaya da fitsari a ruwa. Amma tana cikin rundunar da ke rage katantanwa kyauta, tare da wasu kifaye da tsuntsaye, kuma ba hikima ba ce a kori mai taimako a lokacin da ake neman taimako.

Aiki na uku shi ne zama ma'auni. Kunkuru yana da tsawon rai, yakan shekara ashirin ko talatin a ruwa ɗaya, yana cin abin da ke ciki. Duk gubar da ba ta saurin narkewa takan taru a kitsensa da ƙwansa. Idan aka wayi gari tafkin da aka saba ganin kawunan kunkuru suna leƙowa ya yi tsit, to ruwa ba ya tsami banza. Kuma wannan ruwan ne yara ke iyo a ciki, shanu ke sha, ake wanke tumatir da shi.

Inda Gizo Ke Saƙa

Akwai nau'in kunkuru kimanin 360 a duniya, kuma masana sun ƙiyasta fiye da rabinsu suna cikin haɗarin ƙarewa. Halittar da burbushinta a duwatsu ya nuna ta haura shekara miliyan 200 a doron ƙasa, yau tana cikin dabbobin da suka fi shiga uku. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya kififiyar Senegal cikin jerin masu rauni. Wata 'yar'uwarta, Cyclanorbis elegans, wadda a da ake samu daga Gana har Sudan, Nijeriya ma a ciki, ta ɓace wa masana shekaru da dama, sai a 2017 aka sake gano ta a Sudan ta Kudu. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesbag, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka gabatar da buƙatar a sa ido kan cinikin kififiyar Afirka tsakanin ƙasashe, kuma aka amince.

Dalilin da ya sa kunkuru ke saurin ƙarewa yana cikin tsarin rayuwarsa. Yawancin ƙwansa guza da tunku da karnuka ke cinyewa, ƙananan da suka ƙyanƙyashe kuma zalɓe da tarwaɗa ke haɗiyewa. Kaɗan ne ke girma, kuma sai sun yi shekaru kafin su fara haihuwa. Abin da ke riƙe zuriyar shi ne babbar mace ta daɗe tana ƙwai shekara bayan shekara. Ga wani lissafi na misali da ɗalibi zai iya yi a allo: a ce tafki yana da manyan mata 100, ana kuma ɗebe kashi 10 cikin 100 kowace shekara ba tare da an mayar da gurbinsu ba. Bayan shekara 7 abin da zai rage bai kai 50 ba. Mai kamawa ba zai lura ba, domin kullum yana samun ɗaya ko biyu, har ranar da zai nema ya rasa.

A wuri irin Kadawa hanyoyin asarar a bayyane suke. Hanyar ruwan da aka daɓe da siminti mai santsi da gangara, idan kunkuru ya faɗa ba ya iya hawowa; ruwa ya yi ta jansa har ya makale a ƙofar ƙarfe, ko kuma a rufe ruwa don gyara ya bushe a rana. Kalli da gura da mamari da aka kafa aka bari kwana da kwanaki sukan riƙe shi a ƙarƙashin ruwa har ya shaƙe. Yashe magudana da katafila a tsakiyar rani yakan tono waɗanda suka kwanta a taɓo. Nome gaɓa har bakin ruwa da ƙona ciyawar gefe sukan lalata wurin ƙwai. Mota a kan babban titi takan take waɗanda ke ƙaura da farkon damina, waɗanda sau da yawa mata ne masu neman wurin haƙa.

Sai kuma babbar matsala, wato guba. Manomin da ya gama feshi ya wanke famfonsa a hanyar ruwa, ko ya jefa kwalbar magani a magudana, ya aika da ragowar zuwa ga duk wanda ke ƙasa da shi. Mafi muni shi ne kamun kifi da guba, al'adar da aka san ta a Nijeriya tun zamanin Gamalin 20. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, an sanya shi cikin jerin waɗanda Yarjejeniyar Istokholm ta haramta a 2009, saboda yana daɗewa a ƙasa da ruwa, yana kuma taruwa a jikin dabba da mutum.

Baƙo Mai Jan Kunne

A kwarin Kogin Misisifi na Amurka akwai wani kunkurun ruwa mai suna Trachemys scripta elegans. Yana da jan zane a kowane gefen kansa, daidai inda kunne yake, ga ratsin rawaya da kore a wuya da ƙafafu. Sunansa a can yana nufin mai sulalewa, domin da ya ji motsi sai ya sulale daga kan kututture ya faɗa ruwa. Ɗan jaririnsa bai fi girman kwabo ba, kyakkyawa ne ƙwarai, shi ya sa ya zama kunkurun da aka fi sayarwa don kiwon sha'awa a duniya.

A 1975 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba a cikin ƙasar, domin yara da yawa suna kamuwa da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi daga taɓa shi. Gonakin da ke ƙyanƙyasar sa sai suka karkata zuwa kasuwannin waje. Tsakanin 1989 da 1997 an fitar da fiye da miliyan 50. Matsalar ita ce ɗan abin nan mai kamar kwabo yana girma. Macen takan kai sentimita 30, tana cizo, tana ɓata ruwa, tana kuma iya shekara talatin. Idan mai shi ya gaji, sai ya kai shi tafki mafi kusa ya sake, yana ganin ya yi aikin tausayi. Ta haka ya bazu a Turai da Asiya da Ostareliya da Afirka ta Kudu.

Inda duk ya kafu, 'yan gida ne ke shan wahala. Yana saurin balaga, macen tana iya yin ƙwai sau da dama a shekara, yana cin nama yana cin ganye, ba ya kuma ƙyamar ruwa mai datti. Gwaje-gwajen da aka yi a Faransa, aka buga a 2003 da 2004, sun nuna yana ƙwace wa kunkurun tafkin Turai wuraren shan hantsi mafi kyau, kuma na gidan da aka haɗa su tare sun rame, sun fi mutuwa. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 1997, a 2016 kuma ta sanya shi cikin jerin baƙin halittun da aka hana kiwo da sayarwa. Yana cikin jerin halittu 100 mafiya mamaya a duniya da masanan IUCN suka tsara.

A Turai sanyin hunturu yana ɗan taka masa birki, domin a arewacinta ƙwansa ba ya samun ɗumin ƙyanƙyashewa. A Kadawa babu wannan birki. Abin da a da zai iya hana shi zama a ƙasar Kano shi ne ƙafewar ruwa da rani, wanda kunkurun gida ya ƙware wajen jurewa. Noman rani ya kawar da wannan katanga. Ruwa mai ɗumi duk shekara, ciyayi, gaɓa mai taushi, da hanyoyin ruwa da ke haɗe da Kogin Kano har zuwa Haɗeja: mace guda mai ɗauke da ƙwai, in aka sake ta a nan, ta samu duk abin da take bukata.

Manoman Kadawa ba sa buƙatar dogon bayani kan abin da baƙuwar halitta ke iya yi. Tsutsar tumatir da ake kira sharon, Tuta absoluta, 'yar asalin Kudancin Amurka ce. Ta shiga Sifen a 2006, ta ratso Afirka, a 2016 kuma ta cinye gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa har farashinsa ya gagari talaka. Da ta shigo, ba a sake fitar da ita ba. Wannan jan kunne ne da ya isa.

Shi kansa baƙon kunkurun ya koya wa kimiyya wani darasi da ya shafi Kadawa. A cikin irinsa, zafin rami ne ke yanke ko ƙwai zai zama namiji ko mace. A digiri 26 na ma'aunin Salshiyas maza ake samu, a digiri 31 kuwa mata. A 1994 masana a Amurka suka shafa wa ƙwansa wasu sinadarai da ake kira PCB, waɗanda ake samu a tsohon man taransifoma, suka ajiye su a zafin da ke ba da maza, sai ga mata sun fito. Wannan ya nuna gurɓataccen ruwa yana iya rikita haihuwar dabba ba tare da ya kashe ta nan take ba. Kunkurun kududdufi na Afirka shi ma zafin rami ne ke yanke jinsinsa, don haka sare inuwar gaɓa da ƙona ciyawa suna iya karkatar da zuriyarsa gefe guda.

Hujjar Masu Ja

Akwai masu cewa, a ƙasar da mutane ke fama da tsadar abinci, maganar kunkuru maganar ƙoshi ce. An kashe kuɗi an gina Tiga don a ciyar da jama'a, kowane taƙi na ƙasa a bakin ruwa kuɗi ne, kuma daɓe hanyar ruwa da siminti yana hana asarar ruwa ta tsiyaya. Masunci ma yana da ƙorafi: kififiya tana cin kifin da ya kamu a raga, tana yaga kalli, ga shi namanta abinci ne ga wasu gidaje.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma duk shawarar da ta ce manomi ya bar gonarsa don kunkuru ba za ta je ko'ina ba. Sai dai in aka duba abubuwan da ke kashe kunkuru ɗaya bayan ɗaya, za a ga kusan dukkansu suna cutar da mutum ma. Gangaren siminti mai santsi da ke hana kunkuru fita, shi ke hana yaro ko akuya fita. Gaɓar da aka nome har bakin ruwa ita ce ke zaizayewa ta cika magudana da yashi, a dawo ana biyan kuɗin yasa. Gubar da ke kashe kififiya tana kashe 'ya'yan kifin da masunci zai kama baɗi. Game da nama kuwa, wanda ya cinye uwa mai ƙwai bana ya cinye rabonsa na shekara goma. Bukatar manomi da ta kififiya sun fi haɗuwa fiye da yadda suke rabuwa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ga hukumar da ke kula da ruwa da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: a duk lokacin da za a gyara hanyar ruwa, irin gyaran da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, a riƙa sanya matakala ko gangara mai kaushi a tazara-tazara. Kuɗinta kaɗan ne idan aka kwatanta da na aikin gaba ɗaya. A bar ɗan zirin ciyawa na 'yan taku a gefen tafkuna da magudanai ba tare da an nome ko an ƙone ba. A bar wasu kududdufai yadda suke. Idan za a yashe magudana, a yi ta kashi-kashi, kuma ma'aikata su mayar da duk kunkurun da aka tono zuwa ruwa mafi kusa.

Ga masunta da Sarakunan Ruwa: a riƙa duba kalli da gura kowace rana, a bar saman gura ya ɗan leƙo bisa ruwa don abin da ke numfashi da huhu ya sha iska. A saki manyan mata, musamman da damina. A ƙarfafa dokar gargajiya da ta hana zuba guba a ruwa, domin ta riga ta gwamnati isa bakin tafki.

Ga malaman gona: a haɗa koyar da feshi da koyar da wanke famfo nesa da ruwa da kuma tattara kwalaben magani.

Ga hukumomin kan iyaka da na muhalli, irin su hukumar killace dabbobi da tsirrai da kuma NESREA: a hana shigo da kunkuru mai jan kunne da sayar da shi. Wanda kuma ya riga ya mallake shi, kada ya sake shi a kogi ko tafki ko kwata ko da wasa. Ya riƙe shi har ƙarshen ransa, ko ya miƙa shi ga gidan namun daji ko sashen nazarin dabbobi na jami'a, ya kuma riƙa wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi.

Babban aiki kuwa yana hannun makarantu. Kiyaye kowace halitta yana farawa ne da ƙirga ta, kuma wannan ƙirga ba ta bukatar na'ura mai tsada. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare a Kura ko Bunkure ko Garun Malam tana iya zaɓen tafki ɗaya, ɗalibai su riƙa zuwa da hantsi sau ɗaya a mako tare da malami, su tsaya a gaɓa ba tare da shiga ruwan ba saboda tsargiya, su rubuta kwanan wata da adadin da suka gani da irinsa, su ɗauki hoto da waya. Su tambayi dattawan masunta sunayen da suke kiran kowane iri, da inda ake samunsa a da. Littafin da aka cika shekara uku a jere taska ce da masanan Jami'ar Bayero da ta Wudil da ta Ahmadu Bello za su yi maraba da ita. Idan kuma wata rana aka hango mai jan zane a gefen kai, ɗalibin da ya san 'yan gida shi ne zai fara gane baƙo, ya kai rahoto tun kafin ya hayayyafa. Ranar 23 ga Mayu, wadda ake kira Ranar Kunkuru ta Duniya, ta faɗo daidai gabanin damina, lokacin da ya dace a fara.

Kammalawa

Shirin noman rani na Kadawa ya haura shekara hamsin, ya kuma ciyar da miliyoyin mutane. Shekaru hamsin masu zuwa za su dogara ne ga lafiyar ruwan, ba yawansa kaɗai ba. Kififiya da kunkurun kududdufi suna share wannan ruwa, suna rage katantanwarsa, kuma raguwarsu ita ce alamar farko da za ta nuna ya fara lalacewa. Abin da ake nema dominsu bai wuce matakala a gefen siminti ba, da zirin ciyawa a gaɓa, da famfon feshi da aka wanke nesa da magudana, da ƙofa a rufe ga baƙon da ya riga ya gagari ƙasashen da suka fi Nijeriya kuɗi. Duk waɗannan ana iya fara su a wannan shekara, kuma rigakafi ya fi magani.